Baba Clifford da Gurbin Benci na Ƙarshe

Kun taɓa ganin mutumin da ya tsani wani kamar ya shaƙe shi amma kullum shi ne ke bin sa a baya da hular sanyi yana roƙonsa don Allah ya saka kar mura ta kama shi? To ku zo garinmu Skelby ku tambayi Baba Clifford Ogden, kowa ya san shi har karnuka.

Bari in faro daga farko kar ku ruɗe. Clifford a nan aka haife shi a saman shagon kifi, bai taɓa kwana a wani gari ba sai sau ɗaya yana yaro da aka kai shi asibitin birni, kuma har yau cewa yake iskar can ba ta da gishiri. Shekara arba'in da bakwai aikinsa ɗaya ne, ba da hayar kujerun tsumma a bakin teku, masu naɗewar nan da ke datse wa mutum yatsa. Da safe ya jera da yamma ya naɗe, ana ruwa ko ba a ruwa, kuma ranakun ruwan sun fi yawa. Mutane su taso daga birni su zauna cikin rigar ruwa suna karkarwa suna kallon teku suna cewa kai yau gari ya yi daɗi, shi kuma ya ce ai ba ku ga jiya ba.

Matarsa Beryl ita ke sayar da askirim a bakin gada, gadar katakon nan da ta miƙe cikin teku ba ta kai ko'ina ba. Lokacin tana budurwa mutum biyu ne suka neme ta, Clifford da wani Vernon Tuck mai kula da lilon jirgi a filin wasa. Ta zaɓi Clifford, wai Vernon surutu ya yi masa yawa kuma warin giris ɗin inji yake. Shi ke nan Vernon bai taɓa aure ba, amma kullum ta Allah sai ya zo ya sayi askirim a hannunta, shekara arba'in, alhali haƙoransa ba sa son sanyi, yana lasa yana hawaye. Clifford yana can cikin kujerunsa yana kallo bai taɓa cewa uffan ba, sai dai in ya zo naɗe kujera ka ji ƙarar har gada.

To Beryl ta rasu, aka yi mata bencin tunawa kamar yadda ake yi wa mamatan garin, a kan hanyar bakin teku yana fuskantar ruwa, da ɗan allon tagulla an rubuta Beryl Ogden, ta ƙaunaci wannan wuri. Ita kuwa da ranta kullum cewa take wurin ƙarni yake amma haka ake rubutawa. Kuma kun san hanyar nan ta cika da benci, matattun garinmu sun fi masu rai wurin zama wallahi. Gurbi ɗaya tak ya rage, dab da na Beryl, daga shi sai bangon gidan jirgin ceto.

Clifford ya sa kwat ɗin aurensa ya tafi ofishin ƙaramar hukuma wajen matar da ke kula da benci, Madam Pruett, wata mai tabarau da igiya.

Ya ce, "Madam gurbin kusa da matata nake so."

Ta ce, "Ayya Baba, wa ya rasu?"

"Ni. Amma ba yanzu ba."

"Baba ba a ba mai rai benci."

"To ki ajiye min."

"Ba a ajiyewa. Wanda takardar mutuwarsa ta fara sauka a kan teburin nan shi ke da wuri. Amma kwantar da hankalinka, layin nan na waɗanda suka yi shekara arba'in suna aikin bakin teku ne, kuma ku biyu kaɗai kuka rage."

Ya ce mu biyu da wa, ta ce ba a faɗa, sai ga takarda a gefen hannunta da shatin babban yatsa baƙi ƙirin na giris. Nan take Clifford ya gane yatsan Vernon ne. Ku lissafa da kanku, Vernon shekararsa tamanin da ɗaya, ga tumbi ga tari ga lofe a baki tun safe, in ya hau matakala uku sai ya tsaya ya yi hira da bango. Shi kuwa Clifford saba'in da takwas, siriri kamar sandar lema, ko ciwon kai bai sani ba. Wato in aka bar abin haka Vernon ne zai riga shi, ya je ya zauna kusa da Beryl kafaɗa da kafaɗa suna kallon teku har abada, shi kuma a kai shi can bayan tashar bas inda bencin ke fuskantar bango.

Daga ofishin bai tsaya ko'ina ba sai shagon Glenda mai soya kifi da dankali, don ya san ƙarfe sha biyu Vernon na can. Ya same shi kuwa ya buɗe ƙunshin takarda, kifi ya kai tsawon hannu, mai na ɗiga, ya zazzaga gishiri kamar ba gobe. Clifford ya sa hannu ya fizge.

Vernon ya ce, "Kai mai kujera, haukan ya iso ne?"

"Wannan zai kashe ka."

"To ina ruwanka?"

"Da ruwana mana, tsohon munafuki! Na ga yatsanka a ofis."

Sai Vernon ya fara dariya, dariyar ta koma tari, fuskarsa ta yi jawur, Clifford ya rikice ya hau bubbuga masa baya yana kiran Glenda kawo ruwa kawo ruwa. Vernon na samun numfashi ya ce, "Ka ji tarin nan? Ba zan kai Kirsimeti ba. Zan gaishe ta."

Glenda ta ce, "Ku fita min daga shago ku biyun, kuna korar min mutane."

Tun daga ranar Clifford ya samu sabon aiki. Ƙarfe bakwai na safe yana ƙofar gidan Vernon da kunun alkama ba sukari. Ya sace lofen ya jefa daga ƙarshen gada. Ya bi duk masu sayar da abinci a bakin teku ɗaya bayan ɗaya, mai fanke, mai tsiran alade, mai alewa, ya ce duk wanda ya sayar wa Vernon Tuck abu mai maiƙo shi da shi ne. In Vernon zai tsallaka titi sai ka ga Clifford ya riga shi shiga tsakiya ya ɗaga hannu ya tsayar da motoci har da keken yara. Ranar da aka yi ƙanƙara shi ya zuba yashi tun daga ƙofar Vernon har shagon jarida.

Shi kansa kuma ya ce ba wai zai yi wa kansa wani abu ba ne, Allah ya kiyaye, kawai dai zai daina tare wa mutuwa hanya. Mutumin da shekara da shekaru burodi da shayi ne abincinsa sai ga shi ya fara daga wannan ƙarshen bakin teku yana ci har wancan ƙarshen. Fanke mai sukari shida a tsaye. Alewar auduga wadda ta fi kansa girma, iska ta manna masa ita a gira. Alewar sandar nan mai taurin tsiya da baƙi ke saya su kai tsaraba ba mai ci, shi ya ci, haƙoran robarsa suka rabe biyu. Dodon koɗin teku a ɗan kofi da ruwan tsami, daga teburin da 'yan gari ba sa ko kallo. Kifin Glenda kuwa sau biyu a rana, ya ce ta ƙara masa ɓawon da ke ƙasan kasko. Rabin abin ma ba ya kaiwa bakinsa don tsuntsayen teku sun gane shi, da ya fito sai su taru a kansa kamar ana rabon gado, yana kai musu duka da hula yana cewa ku nemi naku ajalin.

To Vernon ba wawa ba ne, cikin sati biyu ya gane in Clifford ya ci gaba a haka zai iya shan gabansa. Sai shi ma ya tashi. Clifford ya buɗe ƙofa da safe zai kai kunu sai ya ci karo da Vernon a bakin ƙofa riƙe da kwanon ganye.

"Me ye wannan?"

"Latas. Ka rame ta wani wajen ka kumbura ta wani wajen, ban ji daɗin ganinka ba."

"Kai dai Allah ya isa."

"Ci, ina kallo."

Suka tsaya a bakin ƙofa, wannan na shan kunu wancan na tauna ganye, kowa na harara.

Clifford ya ce to bari ya gwada lilon jirgi, mai hawa sama ya juya da mutum ƙasa, wanda aka rubuta a ƙofarsa masu ciwon zuciya kar su hau. Ya shiga ya zauna shi kaɗai da kwat. Ashe Vernon ya riga ya je ya yi magana da masu injin, duk shi ya koya musu aiki. Jirgin ya tashi a hankali, a hankali, wata tsohuwa mai sandar dogarawa tana tafiya a ƙasa ta wuce shi. Clifford yana sama yana ihu ku sake shi ku sake shi, Vernon yana ƙasa yana ɗaga masa hannu yana cewa riƙe da kyau abokina.

Amma babban abin a watan Janairu aka yi. Akwai tsofaffin matan nan da ke shiga teku kowace safiya ko da ƙanƙara ake, da hulunan ulu a ka. Clifford ya ce zai bi su. Ya tuɓe daga shi sai gajeren wando, ƙafafu farare kamar alli, ya shiga har ƙugu yana wani irin kuka kamar ƙofa. Sai ga Vernon ya gangaro da gudu, gudunsa dai, ya faɗa ruwan da takalmi da komai ya cafko shi.

"Fito! Fito ka ji ɗan banza, sanyin nan zai tsayar maka da zuciya!"

Clifford ya juyo ya ga waye a cikin ruwan sai hankalinsa ya tashi. "Kai me kake yi a nan da ƙirjin nan naka? Fita!"

"Kai ka fara fita!"

"Wallahi sai ka fita!"

Wannan na jan wancan zuwa tudu, wancan na tura wannan zuwa tudu, ba wanda ya yarda ya riga taka yashi, suna ta zagaye a wuri ɗaya igiyar ruwa na marinsu, matan nan sun yi da'ira suna tafi sun ɗauka wani sabon motsa jiki ne. Sai da mutanen jirgin ceto suka fito suka kwaso su kamar buhuna. Aka ba su bargo ɗaya ɗaya, kowa ya cire nasa yana ƙoƙarin lulluɓa wa ɗan'uwansa.

Wata shida ana wannan sai likita ta kira su awo. Ta duba Clifford ta sake dubawa ta ce, "Baba me kake yi haka? Zuciyarka kamar ta ɗan shekara hamsin."

Ya ce, "Ki sake aunawa."

"Na auna sau biyu. Tafiyar nan da kake yi ce, an ce kullum sai ka kai ƙarshen gari ka dawo sau goma."

"Ba tafiya nake ba, bin wani nake!"

"To ka ci gaba da bin sa."

Ya fito ransa a ɓace ya tarar da Vernon a kan kujerar jira ya haɗa kai da gwiwa. Wai tarin ya tafi, tumbin ya sauka, an ma rage masa magani. Vernon ya ɗago ya ce, "Ka cuce ni mai kujera." Clifford ya ce, "Kai ma ka cuce ni." Suka tafi gida tare don Clifford bai yarda ya tsallaka titi shi kaɗai ba.

Haka aka yi shekara biyu cur. Kullum da la'asar za ka gan su a bencin Beryl, wannan a wannan ƙarshe wancan a wancan, kowa na sauraron numfashin kowa. In ɗaya ya yi atishawa ɗayan ya zaro mayafi. Wani lokacin su manta su shiga hira, Vernon ya ce ka tuna yadda take danna askirim da babban yatsa in mutum ya ɓata mata rai, Clifford ya ce kai ta fi yi wa, Vernon ya ce na sani, na sha yatsan nan ya fi sau dubu. Sai su yi dariya, sai kuma su tuna su ɗaure fuska.

Ranar wata Talata da rana tsaka, rana ma ta fito abin mamaki, Vernon na zaune da mayafi uku duk na Clifford, da tuffa a hannu ya ci rabi. Clifford na ba shi labarin wani baƙo da kujera ta naɗe da shi a ciki, ya kai wajen dariya bai ji dariya ba. Ya juya. Vernon ya jingina kai, ido a rufe, bakin nan da ɗan murmushi.

"Vernon. Kai Vernon. Bar wasan nan."

Shiru.

"Tashi munafuki! Wannan ha'inci ne! Tuffa fa kake ci!"

Ya kwantar da shi a ƙasa ya hau danna masa ƙirji yana ihu a kira mota, yana dannawa yana zagi, ba ka isa ba, wallahi ba ka isa ba, dawo nan. Har motar asibiti ta zo bai daina ba sai da mutum biyu suka ɗaga shi. Mutanen da suka taru suna ta share hawaye suna cewa ba su taɓa ganin abota irin wannan ba. A coci aka ce ya tashi ya yi magana tunda shi ne amininsa, ya tashi ya ce, "Ya riga ni." Sai kuka ya ƙwace masa, na gaske, har da majina, kuma ko shi bai san na wanne ba ne a ciki.

Bayan wata ɗaya aka kafa bencin, sabo fil yana ƙamshin fenti, dab da na Beryl. A allon an rubuta Vernon Tuck, ya yi jira. Ashe tun da ransa ya bar wa Madam Pruett abin da za a rubuta.

Clifford ya shige gida ya rufe ƙofa sati uku. Ba wanda zai kai wa kunu, ba wanda zai kawo masa ganye. Glenda ta gaji ta je da kanta ta buga ƙofa da ƙunshin kifi ta ce, "Baba Clifford ko ka buɗe ko in turo ta ramin wasiƙa, kuma da ruwan tsami a jiki." Ya buɗe. Ta ce ya je ya ga wurin ko sau ɗaya ne, zama a ɗaki ba zai tsige bencin ba.

Ya tafi yana jan ƙafa. Yana isa sai ya ga ma'aikata biyu da riguna ruwan lemo suna fasa siminti a ɗan tsakanin bencin Beryl da na Vernon, wurin bai fi taku ɗaya ba.

Ya ce, "Samari me za a sa a nan?"

Ɗaya ya ce, "Kwandon shara Baba. Doka ce, layi in ya cika sai an sa."

"A tsakaninsu?"

"Nan ne kaɗai fili."

"Yaya girmansa?"

Ya nuna masa a bayan mota. Na ƙarfe ne baƙi, mai kauri, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, in ka zauna a wannan benci ko hular wanda ke wancan ba za ka gani ba.

Wallahi waɗanda suka ga Clifford ranar sun ce gudu ya yi, gudu na sosai, har ofis.

"Madam! Kwandon shara, sai mutum ya mutu ake sa masa suna a jiki?"

Madam Pruett ta cire tabarau ta mayar. Ta ce ba wanda ya taɓa tambaya. Ta ɗauko littafin doka ta buɗe, ta kira na sama da ita, na saman ya kira na samansa, aka yi shayi aka sha, Clifford na tsaye ya ƙi zama. Wajen ƙarfe huɗu ta rufe littafin ta ce, "Baba babu inda aka hana. Amma ka gane fa, shara za a riƙa zubawa a ciki."

Ya ce, "Na gane. Ba ni takarda."

Yanzu haka in kun zo za ku gan shi, baƙin kwando tsakanin benci biyu da allon tagulla yana walƙiya, an rubuta Clifford Ogden, yana tsakani. Shi kaɗai ne mai rai a duk layin. Kullum da safe zai zo da tsumma da ruwan sabulu ya wanke shi tas, ya juya wajen Beryl ya ce ina kwana, ya juya wajen Vernon ya ce kana ganinta? ba ka ganinta. Sannan ya jingina da abinsa ya ci burodinsa.

Matsalar kawai baƙi ne, ba su sani ba, suna zuwa su tura masa ƙunzugun jarirai da ledar kashin kare, jiya ma wani ya kashe sigari a kan sunan, Baba Clifford ya bi shi har tashar jirgin ƙasa. Shi ya sa na rubuta wannan da sauri. Takardar kifi ba komai ya ce a ninke ta dai da kyau, sandar askirim ma yana so, amma sauran don girman Allah ku ƙara taku kaɗan akwai wani kwandon a gaban gada wanda ba na kowa ba. Ku tura wa duk wanda kuka san zai zo Skelby hutu, ku tura a rukunin waya na gidanku da na makaranta da ko'ina, kar ku karanta ku yi shiru don Allah.